TUKUNYAR GAS A GIDAN MANOMI

Itace yana ƙara nisa, kananzir kuwa ya yi tsada. Sabo da haka tukunyar gas, wadda dā sai a gidajen ma'aikata cikin birni a ke ganinta, yanzu ta shigo ƙauyukanmu. Waɗansu 'yan ƙungiya sun saya da kuɗin amfanin gona bayan kaka, waɗansu kuma 'ya'yansu ne suka aiko musu daga gari. Abin murna ne, gama mata sun huta da tafiya daji neman itace, sun huta da hayaƙin da ke cin ido da ƙirji, itatuwanmu kuma sun sami sauƙi. Amma fa wannan wuta baƙuwa ce, halinta dabam da na murhun da muka tashi muka tarar. Wanda ya riƙe ta da dabarun itace ko na risho zai jawo wa gidansa masifa.

Masifar kuwa ba a kan mai tukunya kaɗai ta ke tsayawa ba. Ran 4 ga Janairu 2020 gas ya fashe a wani shagon da a ke sayar da shi a Sabon Tasha, Kaduna. Mutane suka rasa rayukansu, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya, wanda ya ke cikin wani shago a kusa. Don haka ya kamata kowa ya san halin gas, ko da bai saya ba tukuna.

ƘASA YA KE BI

Abin da ke cikin tukunyar nan ruwa ne, an matse shi da ƙarfi. In aka buɗe masa hanya sai ya zama iska. Lita 1 ta ruwan tana ba da iska wajen lita 250, watau yoyo kaɗan ya isa ya cika ɗaki. Kashi 2 kawai cikin 100 na iskar ɗaki in ya zama gas, ƙyastin ashana ɗaya ya isa.

Ga babban abin da za mu riƙe. Hayaƙin itace sama ya ke tashi, ya fita ta taga ko ta jinka, muna kuwa ganinsa da ido. Gas ba haka ya ke ba. Ya fi iskar da mu ke shaƙa nauyi, ba ya kuma ganuwa. In ya yi yoyo sai ya gangara kamar ruwa, ya kwanta a ƙasan ɗaki, ƙarƙashin gado, cikin rami ko kwata. Can ƙasa kuwa nan ne yara ke kwana a tabarma, nan a ke ajiye fitila da kaskon garwashi da maganin sauro mai hayaƙi. Shi gas ba shi da wari na kansa. Masu sarrafa shi ne ke zuba masa wani abu mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, domin hanci ya yi mana aikin da ido ya kāsa.

WAJEN SAYE DA CIKAWA

Dubi tukunya sosai kafin ka biya kuɗi, musamman gindinta. In ta yi tsatsa mai zurfi, ko ta lotsa, ko an yi mata walda, bar ta ko da araha ce. Sabon fenti yakan ɓoye tsufa, sai ka nemi shekarar da aka ƙera ta, a buge ta ke a jikin ƙarfen. Hukumar SON mai lura da ingancin kaya a Nijeriya ta ce a riƙa gwada tukunya kowace shekara 5, a daina aiki da ita bayan shekara 15.

Ba a cika tukunya maƙil. A kan bar wajen kashi 20 cikin 100 fanko, gama ruwan yana kumbura da zafi. Kada ka roƙi mai sayarwa ya yi maka gyara kamar mudun dawa. In tukunyar kilo 6 ce, kilo 6 za a zuba. In ta kilo 12.5 ce, haka nan. Ka sa a auna a sikeli a gabanka. Ka guji wurin da a ke juye gas daga wata tukunya zuwa wata cikin matsattsen shago, kai ma kada ka gwada yin haka a gida. Wajen kawowa a ɗaure ta a tsaye bisa babur ko mota, kada a kwantar, kada a mirgina, kada a jefo ta ƙasa kamar buhun masara.

WURIN AJIYA

Tun da ya ke gas ƙasa ya ke bi, wurin ajiyarsa sai inda iska ke wucewa ta ƙasa. Mafi kyau a yi wa tukunya 'yar rumfa a waje, cikin inuwa, a huda bango tiyo ya shiga madafa. A tsayar da ita bisa daɓe ko katako, kada gindinta ya zauna cikin laima. Kada a ajiye ta a ɗakin kwana. Kada a sa ta kusa da murhun itace, ko janareto, ko jarkar fetur, ko tarin harawa da karan dawa. Tukunyar da a ke cewa ta ƙare ma akwai saura a cikinta, a rufe ta, a ajiye ta kamar cikakkiya. Lokacin hunturu a yi hankali ƙwarai, gama sa'an nan ne mu ke toshe taga da ƙofa sabo da sanyi da ƙura.

LOKACIN DAFUWA

Uwargida, ƙyasta ashana tukuna, sa'an nan ki buɗe gas. In kin buɗe kina neman ashana, gas yana taruwa. Harshen wuta mai kyau shuɗi ne. In ya koma ja-ja yana baƙanta tukunyar miya, kan murhun ya toshe, a share shi, gama irin wannan wuta tana fid da iska mai guba. Kada ki bar girki ki tafi rijiya. Miya takan tafaso ta kashe wutar, gas kuwa ya ci gaba da fita. In kin gama, rufe daga kan tukunyar gas ɗin, sa'an nan ki kashe murhu.

Ƙaramar tukunyar nan mai murhu a kanta ba ta tuƙin tuwon gida duka ba ce. Babbar tukunya tana mai da zafi kan gas ɗin, muciya kuma tana iya kifar da su gaba ɗaya. Abincin biki ko na taron Ekklesiya a nemi babban murhu mai ƙafafu, tukunyar gas tana gefe.

Ɓera yana cin tiyo, rana da zafi kuma suna busar da shi. A dama sabulu da ruwa a shafa a tiyon da duk mahaɗai, da bakin tukunya inda 'yar baƙar roba ta ke. Inda kumfa ta taso, nan ne yoyo. Faufau kada a nemi yoyo da ashana. Tiyon da ya tsage a sake shi da na gas na ainihi, ba na ban ruwa ba, kada kuma a ɗaure shi da robar taya.

IN AN JI WARI

1. Kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa.
2. A rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga duka.
3. A fitar da yara da tsofaffi, a kashe kowace wuta da ke tsakar gida, a faɗa wa maƙwabta.
4. In yoyon bai tsaya ba, a kai tukunyar fili nesa da gidaje, a tsayar da ita, a kira wanda ya san aikin.

In wuta ta riga ta kewaye tukunya, kowa ya yi nisa, kada a tsaya kwasar kaya. Wanda ya ƙone a zuba masa ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20, a kai shi asibiti. Kada a shafa manja, ko ɗanyen ƙwai, ko gishiri.

AIKIN ƘUNGIYA

'Yan'uwa, yadda mu ke haɗa kuɗi mu sayi taki da iri, haka za mu iya haɗawa mu sayo tiyo mai kyau da maɗauransa na ƙarfe daga amintaccen wuri. Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum 2, namiji da mace, su riƙa zaga gidaje da kwanon ruwan sabulu sau ɗaya a wata. Zumuntar Mata ta keɓe rana a gwada kunnawa da kashewa a gaban kowa, a kira 'yammata su gani, tun da su ne ke kan murhu sa'ad da iyaye su ke gona. Ran iyalinmu da na maƙwabtanmu amana ne da Allah ya sa a hannunmu. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙe ta.