Ofishin 'Yan Sanda na Jahun

Ofishin 'Yan Sanda na Jahun, wanda jama'a suka fi kira caji ofis, reshe ne na Rundunar 'Yan Sandan Najeriya da ke garin Jahun, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jahun a Jihar Jigawa. Babban jami'in da ke shugabantarsa shi ne baturen 'yan sanda, wato DPO. A irin wannan ofishi ake fara ajiye wanda aka kama, a ɗauki bayaninsa, sannan a sake shi, ko a ba da belinsa, ko a kai shi kotu. Ofishin ba ya yanke hukunci, kuma doka ta ƙayyade lokacin da zai iya riƙe mutum.

Tarihi

Kafin zuwan Turawa, dogarai ne ke kamo masu laifi da umarnin sarki. A zamanin En'e, lokacin da Jahun ke gunduma a ƙarƙashin Masarautar Kano, 'yan doka ne ke wannan aiki. An kafa Rundunar 'Yan Sandan Najeriya a 1930 bayan haɗe rundunonin Arewa da Kudu, kuma a ƙarshen shekarun 1960, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka shigar da 'yan doka cikinta. Sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya a ƙasar. Saboda haka ofishin Jahun na gwamnatin tarayya ne, ba ya ƙarƙashin ƙaramar hukuma ko masarauta.

Matsayinsa a tsarin rundunar

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, hedikwatar 'yan sandan jihar tana Dutse, a ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda. Jigawa tana cikin Shiyya ta Ɗaya mai hedikwata a Kano. Tsakanin kwamishina da DPO akwai kwamandan yanki, wanda ke kula da ofisoshi da yawa. A ƙarƙashin DPO kuma akwai ƙananan ofisoshi da ake buɗewa a garuruwa da kasuwanni masu nisa da hedikwata.

A cikin ofishi, wurin da mai ƙorafi ke fara tsayawa shi ne kanta, inda ake rubuta duk rahoton da ya shigo a littafin ofis. Daga nan maganar ke zuwa sashen binciken laifuka, a danƙa ta ga ɗan sanda mai bincike. Sunan wannan jami'i yana da muhimmanci ga dangin wanda aka kama, domin fayil ɗin yana hannunsa.

Yankin da unguwanninsa

Ƙaramar Hukumar Jahun tana cikin Masarautar Dutse. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum 229,094. Mazaɓunta 11 ne: Jahun, Aujara, Gangawa, Gauza Tazara, Gunka, Harbo Sabuwa, Harbo Tsohuwa, Idanduna, Jabarna, Kale da Kanwa. Daga cikin maƙwabtanta akwai Miga da Kiyawa da Taura. Yawancin mazauna yankin manoma ne da makiyaya, akwai kuma masunta a garuruwan da ke kusa da fadamun Kogin Haɗeja.

A ƙa'ida, ofishin da laifi ya faru a yankinsa shi ke bincike, ko da wanda ake zargi mazaunin wani gari ne. Mutumin Harbo da aka zarga da laifi a wata kasuwa ta Taura, a can za a nemi fayil ɗinsa. Haka nan wanda aka kama a ƙauye yana iya fara zama a ƙaramin ofishi kafin a wuce da shi babban ofishi, shi ya sa dangi kan fara tambaya daga ofishi mafi kusa da inda aka yi kamun.

Kowace unguwa tana da mai unguwa, sama da shi dagaci, sai hakimi, sai sarki. Masu unguwanni sun san gidaje da iyakokin gonaki, don haka 'yan sanda kan nemi taimakonsu wajen gano mutum ko tabbatar da wanda zai tsaya wa wani. A saɓanin manomi da makiyayi kan ɓarnar gona ko burtali, sau da yawa su ke zama a yi sulhu. Sai dai ba su da ikon ba da beli ko rufe fayil. 'Yan sintiri ko wani mutum da ya kama mai laifi, doka ta wajabta masa miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba.

Haƙƙin wanda aka kama

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dole ne a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole ne kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara wasu tanade-tanade. Sashe na 32 ya hana kama mutum don rigimar da ba ta laifi ba ce, kamar saɓa yarjejeniyar ciniki. Sashe na 35 ya ce a sanar da dangin wanda aka kama ba tare da an caje shi ba. Sashe na 36 ya haramta kama wani a madadin wanda ake nema, don haka ba a riƙe uba ko mata don ɗa ko miji ya fito. Ana rubuta jerin kayan da aka karɓa daga hannunsa, kamar waya da kuɗi da babur. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta mai da duka ko gallazawa don tilasta amsa laifi laifi ne mai hukunci.

Beli da kotu

Idan laifin ba mai hukuncin kisa ba ne, kuma ba za a iya kai mutum kotu cikin lokaci ba, DPO yana da ikon ba da belinsa. Belin 'yan sanda kyauta ne. Mai tsayawa yana sa hannu ne a takardar alkawarin kawo mutumin duk ranar da aka neme shi, kuma idan ya gudu, mai tsayawar ne zai amsa. Beli ba ya nufin magana ta mutu.

Ƙananan laifuka suna zuwa kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci, inda mai gabatar da ƙara ke karanta tuhuma. Manya kamar kisa da fashi da makami da garkuwa da mutane, akan tura su sashen binciken manyan laifuka na jiha a Dutse, a nemi shawarar Ma'aikatar Shari'a, sannan a gurfanar a Babbar Kotu. Kotu ce kaɗai ke da ikon aika mutum gidan gyaran hali jiran shari'a, kuma sashe na 36 na Kundin ya ɗauke shi mara laifi har sai an tabbatar da laifinsa.

Sa ido da ƙorafi

Doka ta umarci alƙalin majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sanda na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kame, kuma yana iya ba da belin wanda ya cancanta. Wanda aka nemi kuɗin beli a hannunsa, ko aka riƙe ɗan'uwansa fiye da ƙa'ida, yana iya kai ƙorafi ga kwamandan yanki, ko kwamishina a Dutse, ko sashen karɓar ƙorafi da rundunar ta buɗe a 2015. Akwai kuma Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da Hukumar Ba da Agajin Lauya wadda ke tsaya wa marasa hali. Wanda aka tsare ba bisa doka ba yana iya shigar da ƙara a Babbar Kotu, ya nemi diyya da neman afuwa a bainar jama'a.