Masu Nutso Na Kogin Haɗejiya Da Tukunyar Iska

Kowace shekara, daga watan Agusta zuwa Satumba, Kogin Haɗejiya ya kan cika ya batse, ya bar hanyarsa ya malala cikin fadamun Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri. A wannan lokaci kwalekwale shi ne motar manomi da ɗan kasuwa, har da 'yan kai amarya. Idan kuwa tsautsayi ya sa ya kife, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022, waɗanda a kan fara yi wa kururuwa su ne Sarkin Ruwa da masuntansa. Su ne za su tuɓe riga su faɗa, ba su da wani makami sai numfashin da ke ƙirjinsu.

Waɗannan bayin Allah gwanaye ne, babu ja. Tun suna yara su ke lalube cikin gurbi suna kamo tarwaɗa da hannu. Amma numfashin ɗan Adam yana da iyaka. Mai nutso ya kan yi minti ɗaya ko biyu ya taso ya huta, sa'an nan ya koma, ya sake neman inda ya tsaya.

A ƙasashen da ke bakin teku an daɗe da samun maganin wannan. A shekarar 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau, hafsan sojan ruwa, da Emile Gagnan, injiniya, suka ƙera wata na'ura da a ke ɗaurawa a bakin tukunyar ƙarfe wadda aka ɗura wa iska. Mutum zai goya tukunyar a baya, ya kama bututu da baki, na'urar kuwa tana ba shi iska daidai lokacin da ya ja numfashi, kuma daidai da nauyin ruwan da ke kansa. Iskar nan ba wata ta musamman ba ce, wadda mu ke shaƙa ce aka matse. Tukunya mai cin lita 12 ta kan ɗauki iskar da ta kai lita 2,400, abin da zai riƙe mutum fiye da awa guda idan ruwan ba mai zurfi ba ne. Abin lura ma, a kogi aka fara gwada na'urar, watau Kogin Marne kusa da Faris, kafin a kai ta Bahar Rum.

Masu koyar da wannan sana'a ba su kan fara da tsakiyar teku ba. Su kan nemi lungu a tashar jiragen ruwa, inda katanga ta tare igiyar ruwa, zurfin bai wuce mita uku zuwa biyar ba, domin ɗalibi ya koyi numfashi a natse. Irin wannan wuri ba baƙo ba ne a ƙasar Haɗejiya. Da zarar ruwa ya janye bayan kaka, gurabe da tabkuna su kan kwanta lumui, ga kuma ruwan da ke taruwa a madatsar aikin noman rani ta kwarin Haɗejiya a ƙasar Auyo. Tun da aka gama Dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, kogin ma ba ya ƙafewa ƙaf da rani kamar da.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya, musamman ma'aikacin da wata rana takardar sayen kayan nutso za ta biyo ta teburinsa. Ruwa marar zurfi yana da yaudara. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, nauyin da ke danne jikinsa ya kan ƙaru da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a tudu. Watau a mita 10 ya ninka biyu. Iskar da aka shaƙa daga tukunya a wannan zurfi, idan aka riƙe ta a ƙirji aka taso, za ta kumbura ta ninka biyu kafin a iso sama, huhu kuwa ba salka ba ne. Ko daga zurfin da bai kai mita biyu ba huhu yana iya tsagewa, iska ta shiga jini. Saboda haka doka ta farko ga mai goyon tukunya ita ce kada ya riƙe numfashi ko kaɗan, kuma ya taso a hankali. Wannan kuwa ita ce kishiyar abin da ɗan masunci ya tashi a kai, domin shi dukan gwanintarsa riƙe numfashi ce. Idan aka miƙa masa tukunya ba tare da horo ba, gwanintar tasa ce za ta cuce shi.

Duk da haka, a ganina, 'ya'yan masuntan ne suka fi cancanta da horon, fiye da wanda za a ɗauko daga ofis. Dalili kuwa shi ne, tukunya tana ba da numfashi amma ba ta ba da ido. Ruwan damina a Haɗejiya jajir ya ke da laka, mutum ba ya ganin tafin hannunsa ko da ya sa gilashin fuska. Aikin duk na lalube ne, kuma ɗan Sarkin Ruwa ya san inda ruwa ke juyi, da inda rairayi ke zabtarewa, da inda aka saba kafa mamari. Ga kuma kacala, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa da dama, har da mashigin Marma mai kai ruwa Nguru. Mai goyon tukunya ya fi mai tsirara saurin sarƙewa cikinta ko cikin tsohon taru, shi ya sa ba a yarda ya shiga shi kaɗai ba, sai da wuƙa a jiki, da igiya a ƙugu, da mutum a gaɓa riƙe da ita.

Kada kuma a yi wa jama'a alkawarin da ba zai cika ba. Wanda ya nutse ba ya jiran a zo da kaya daga Dutse, mintoci kaɗan gare shi. Rigar kariya da daina yi wa kwalekwale lodin wuce kima su ne masu ceton rai. Amfanin tukunya shi ne ciro gawa da wuri domin a yi mata sutura, da ciro kayan da suka nutse, da duba ƙofofin madatsa da ƙafafun gada ba tare da an jira rani ba.

Sayen tukunyar ma shi ne mai sauƙi. Tana bukatar injin ɗura iska mai tacewa, wanda dole a girke shi nesa da hayaƙin janareta, don idan hayaƙi ya shiga tukunya mai nutso zai suma a ƙarƙashin ruwa. Ita kanta tukunyar sai ana gwada ƙarfinta lokaci lokaci. Tabkunan da suka dace da horon kuwa su ne matattarar tsargiya, saboda haka tilas asibiti ya riƙa duba fitsarin masu koyon tun daga farko har su gama.