Likitan Da Ke Buɗe Jijiyar Zuciya Ba Tare Da Fiɗa Ba

Yau hirar tamu a kan wani irin likitan zuciya ne, wanda aikinsa shi ne buɗe jijiyar da ta toshe ba tare da an tsaga ƙirji ba.

Ita zuciya da kuke ji tana bugawa dare da rana, tsoka ce, ita ma kuma jini take buƙata. Akwai 'yan jijiyoyi da suka kewaye ta, su ke kai mata jinin. Yau da gobe kitse yakan taru a cikinsu, hanya ta ƙuntata, kamar yadda magudanar tsakar gida take cushewa. Ranar da gudan jini ya toshe ɗan abin da ya rage, sai wannan sashe na zuciyar ya fara mutuwa cikin 'yan sa'o'i.

To, a nan ne wannan likita yake shigowa. Zai yi allurar kashe zafi a wuyan hannu ko a matsematsi, ya zura wani siririn bututu ta cikin jijiya har zuciya, yana kallo a injin hoto. In ya gano inda aka toshe, sai ya hura wani ɗan mitsitsin balam-balam da ke bakin bututun, hanya ta buɗe. Yawanci yakan bar wata 'yar ragar waya a wurin don ta tokare jijiyar. Mara lafiya idonsa biyu, har magana ake yi da shi. Kafin mutum ya kai ga wannan aiki kuwa, sai ya gama karatun likita, ya ƙware a cututtukan manya, ya ƙware a zuciya, sannan ya ƙara wasu shekaru yana koyon sarrafa bututun a hannun manyansa.

Wanda ya fara wannan aiki a jijiyar zuciya wani Bajamushe ne, Dokta Andreas Gruentzig, da ke aiki a asibitin jami'a na birnin Zurik, ƙasar Suwizalan. Abin da zai ba ku mamaki, a kan teburin kicin na gidansa ya dinga harhaɗa balam-balam ɗin da yamma, shi da matarsa, da mataimakiyarsa Maria Schlumpf da mijinta. Ranar 16 ga Satumba, 1977, ya buɗe jijiyar wani magidanci ɗan shekara 38. Bayan shekara 10 aka sake dubawa, aka tarar tana nan a buɗe. Shi likitan ya koma Amurka a 1980 yana koyar da wasu, ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1985. Ita kuwa ragar wayar, a 1986 aka fara sa ta.

Amma fa 'yan'uwa, duk ƙwarewar likita, tsokar da ta riga ta mutu ba ta dawowa. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Mu mata kuma ba kullum ciwon yake zuwar mana da nauyin ƙirji kaɗai ba. Wata numfashinta ne zai dinga sarƙewa, wata gumi mai sanyi da tashin zuciya, wata ciwo a muƙamuƙi, ko hannu, ko tsakanin kafaɗu, wata kuma kasala ce mai tsanani haka kawai. Sai a ce ai olsa ce, a jiƙa kanwa, a kwana ana jira. Mai hawan jini da mai ciwon suga, ku ne ya kamata ku fi kowa lura.

Shawarata, tun kina lafiya ki zauna da maigida ku daidaita: in haka ta faru ba ya gida, wa zai kai ki asibiti, kuma a wace mota? Ba kowane asibiti ne ke da irin wannan likita ba, amma ki fara zuwa mafi kusa, su za su auna zuciyar, su ba da maganin gaggawa, su tura ki gaba. Wadda kuma aka riga aka sa wa ragar, kada ta kuskura ta daina shan maganin tsinka jini sai likita ya ce, don jijiyar tana iya sake toshewa farat ɗaya.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.