Me Ya Sa Ake Goge Makarantunmu Daga Wikipedia?

Akwai ƙorafin da ake yawan ji daga matasanmu masu rubutu a Wikipedia: mutum ya zauna ya rubuta tarihin makarantarsu ta sakandare a Yelwa ko Wara, kwana kaɗan sai ya tarar an goge. Nan da nan sai a ce raini ne, ba a son cigaban Arewa. Wannan magana tana damuna, domin tana rufe mana ido daga inda matsalar take.

Masu tace shafukan ba sa tambayar yawan ɗalibai, ko tsufan gini, ko manyan da makarantar ta yaye. Abin da suke nema shi ne: wa ya yi rubutu mai zurfi a kanta, wanda ba shi da alaƙa da ita? Kamar binciken aure ne. Ba a tambayar saurayi halinsa, ba a tambayar mahaifiyarsa. Maƙwabta ake bi, waɗanda ba su da riba ko asara. Shafin makarantar na Facebook, da jawabin shugabanta ranar yaye ɗalibai, da kalandar ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, duk bakin dangin saurayi ne. Tun 2017 editocin sashen Turanci suka tsai da cewa kasancewar makarantar sakandare kaɗai ba ta isa a buɗe mata shafi ba. Hukuncin ya hau kan makarantun Ingila da Amurka kamar yadda ya hau kan namu.

Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, ba ta da wannan fargaba. Ba don Sardauna da Tafawa Ɓalewa sun yi karatu a cikinta kawai ba, sai don masana tarihi sun rubuta littattafai a kanta.

To mu fa? Makarantar da duniya ta fi sani a ƙasar Yauri ita ce Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Ta yaya aka san ta? Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan ma sai a 2023 suka dawo gida. Jaridun gida da na waje sun cika da labarin. Amma duba rubuce-rubucen da kyau: harin aka rubuta, ba makarantar ba. Malaman da suka ƙare ƙuruciyarsu a azuzuwanta, da ɗaliban da suka zama likitoci da injiniyoyi, da ƙyar za ka ga layi biyu a kansu.

Nan ne laifin ya dawo gida. 'Yan jarida ba sa sauka Yauri sai jirgin ruwa ya kife a tafkin Kainji ko an kai hari. Hukumomin ilimi kuwa suna barin rajistocin makarantu a kabad, gara tana ci, maimakon su buɗe wa masu bincike na jami'o'in Sakkwato da Birnin Kebbi su rubuta, a buga.