Idan Faffaɗar Taya Tana Gugar Madigadi

Ƙarar nan da kake ji idan ka murɗa sitiyari har ƙarshe, ko ka faɗa rami da lodi, galibi taya ce ke gugar madigadi. Duba rubutun jikinta: 205/55 R16 na nufin faɗinta milimita 205 ne. Wanda ya koma 225 don kwalliya ya ƙara milimita 10 ta kowane gefe.

Shafa alli a bakin madigadin, ka ɗan zagaya. Inda allin ya goge, nan tayar take ci. In leɓen ƙarfen ne, mai gyaran jikin mota zai ɗumama fentin kada ya tsage, ya lanƙwasa leɓen ciki. Amma a fara duba sifirin, don idan mota ta zauna, ko tayar kamfani sai ta goga.