SA'AD DA MAI JEGO TA KASA YIN MURNA

An yi suna, an ci an sha, baƙi sun watse. Bayan mako 3 sai matar wani abokin aikina ta riƙa zama a ɗaki tana kuka, ba ta san dalili ba. Jariri lafiyayye ne, abinci kuma bai yanke ba, amma barci ya guje mata ko da yaron ya yi barci. Surukarta ta ce shagwaɓa ce. Maƙwabta suka ce iska ce. Ita kuwa ta yi shiru, gama tana kunyar faɗin cewa ba ta jin daɗin ɗanta.

Ya ku masu karatu, wannan ciwo ne, watau ciwon damuwa na bayan haihuwa. Da zarar mabiyiya ta fita, sinadaran da suka riƙe cikin sukan ragu farat ɗaya. Ga rashin barci, ga ƙarancin jini, wani lokaci kuma ga rashin jituwa a gida. Mata da yawa sukan yi ɗan kuka a makon fari, ya wuce da kansa. Amma in ya zarce mako 2, mace ta daina marmarin abinci da hira, tana ganin kanta ba ta da amfani, to, a nemi taimako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mata 13 cikin 100 sukan sami irin wannan wahala bayan haihuwa, a ƙasashe masu tasowa kuwa kusan 20.

Ina za a nufa? A fara da asibitin da ta yi awo, ko inda ake yi wa jariri rigakafi. Ta gaya wa nas ko ungozoma gaskiyar abin da ke zuciyarta. Akwai tambayoyi 10 da aka tsara a Edinbara a 1987, waɗanda ake gane ciwon da su. Likita zai iya gwada jininta kuma. In abin ya yi nauyi, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da sashen da ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Zuwa can ba ya nufin mace ta haukace.

Magani iri 2 ne. Na fari, zaman tattaunawa da ma'aikacin da ya koyi wannan aiki. Na biyu, ƙwayoyi daga hannun likita. Akwai waɗanda mai shayarwa ke iya sha, amma sukan yi makonni kafin a ga amfaninsu. Kada a saya a kemis da ka, kada kuma a daina sha sai likita ya ce.

Akwai kuma wanda ba ya jira. Mace 1 ko 2 cikin 1,000 takan ruɗe, ta ji muryoyi. In haka ta faru, ko ta yi maganar cutar da kanta ko jariri, a kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai.

Maigida, karɓi yaron da dare domin ta sami barci, ka raka ta wurin likita. Iyayenmu mata, wankan jego da kunu ba su isa ba, a saurare ta ba da faɗa ba. 'Yan Zumuntar Mata, kada ziyara ta ƙare ranar suna. Ciwon nan ba rashin bangaskiya ba ne. Yadda muke yi wa mai zazzaɓi addu'a mu kuma kai shi asibiti, haka ya kamata mu yi wa mai jego.

Matar abokina fa? Wata tsohuwa ce ta lura, ta matsa wa mijin har ya kai ta. Bayan 'yan watanni ta warware. Yau yaron yana makarantarmu, ita ce kuma ke fara zuwa gidan duk wadda ta haihu a unguwarsu.