Mene ne aikin jami'in raya al'umma a ƙaramar hukuma?

A ƙananan hukumomi 14 na Jihar Zamfara akwai jami'an walwala da ci gaban al'umma. Aikinsu haɗa kan jama'a ne. Idan mutanen wani ƙauye a Bunguɗu, a ce gefen Kwatarkwashi, suka tashi gyaran rijiya da aikin gayya, jami'in ne zai zauna da dagaci, a yi wa ƙungiyarsu rajista, a rubuta buƙatar siminti, ya kai gaban ciyaman. Shi ne kuma ke sauraron matar da miji ya tsere ya bar ta da yara.

Rashin tsaro ya sauya aikin. A Tsafe, mutanen ƙauyuka da dama sun gudo cikin gari ko Gusau, wasu suna kwana a kangaye. Ƙidaya su da raba musu abinci kan cinye lokacin tsara ayyuka.

Sai batun kuɗi. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba, amma aiwatarwar ta yi tafiyar hawainiya.